Bidiyo kaɗai zai kai ka ga satifiket? Abin da na gani tsakanin YouTube, Udemy, littafi da aji

Wani ƙanina ya gama bautar ƙasa, ya ɗan tara abin da Allah ya hore masa daga alawus, sai ya same ni bayan isha'i yace Yaya ni fa CCNA nake so in yi, wato satifiket ɗin kamfanin Cisco na haɗa netwok ɗin kwamfutoci, amma kaina ya kulle, wasu sunce YouTube kawai ya isa, wasu sunce in sayi kwas a Udemy, dandalin sayar da darussa a intanet, wani abokina kuma yace duk ɓata lokaci ne gara in je santa in biya a zaunar dani a aji. Kuma kuɗin hannunsa ba wani mai yawa bane, jarabawar kanta dala 300 ce, ka buga da canjin yau kaga abin da ake magana, idan ya watsar da kuɗin a kwasa-kwasai to ranar biyan jarabawa sai dai ya zauna ya yi tagumi. Mun fi awa biyu a ƙofar gida muna tattaunawa, shi ne nace bari in rubuta abin da na faɗa masa don nasan ba shi kaɗai ne a wannan halin ba.

Zan fara da abin da ya same ni. Karon farko da na shiga CCNA da bidiyo zalla na shirya. Na kalli kwas ɗin tun daga farko har ƙarshe, wasu darussan ma sau biyu, kuma wallahi lokacin da malamin yake bayani komai shiga kaina yake fes, yana maganar OSPF, tsarin da na'urorin netwok suke bi su zaɓar wa saƙo hanya, ina gyaɗa kai, yana raba adireshin IP, wato lambobin da ake ba kowace na'ura a netwok, ina cewa eh haka ne. Da ƙarfin gwiwata na shiga ɗakin jarabawa. Ban yi nisa ba aka ɗora min teburin hanyoyi na wata rauta, na'urar da ke tura saƙo daga wannan netwok zuwa wancan, aka ce ta wace ƙofa wannan saƙon zai fita, nasan na taɓa ganin irinsa, har ina iya tuna zanen da malamin yayi a ranar, amma ni da kaina ban taɓa zama na warware guda ɗaya ba. Ga shi CCNA ba a komawa baya, ka wuce tambaya to ta wuce kenan. Na faɗi. Kuma ba laifin malamin bane, tun a darasin farko ya ce a riƙa yin lab, wato gwada aikin da hannu, ni ne naga kamar kallon ya wadatar. Ashe gani ba ci ba ne.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san wannan. Yaro zai shekara yana kallon maigidansa yana yanka wuyan kaftani, ka tambaye shi zai zayyano maka komai daki-daki, amma ranar da aka miƙa masa almakashi da shadda hannunsa rawa yake. Bidiyo shi ne wannan kallon. Yana da amfani ƙwarai, don wanda bai kalla ba ma bai san ta ina ake farawa ba, amma yana da wata yaudara guda ɗaya wadda littafi ba shi da ita sosai: yana tafiya ko ka gane ko baka gane ba, kuma ganin layin ƙasan nan yana cika sai ya sa ka ji kamar kai ma kanka cika yake.

To shi yasa idan zan auna kwas, kyan hoto da daɗin muryar malami ba su ne farkon abin da nake dubawa ba. Tambayata ita ce, wannan kwas ɗin zai tilasta min in ɗora hannu a kan kibod ko kuwa zai bar ni a kwance a katifa da waya a hannu.

Mu fara da na kyauta, don yawancinmu nan muke farawa. A ɓangaren CCNA wanda na fi tura mutane wajensa shi ne Jeremy's IT Lab a YouTube. Ya tsara kwas ɗin kwana-kwana, ya haura kwana 60, kuma abin da ya bambanta shi shi ne kusan kowane darasi yana zuwa da abu uku, bayanin kansa tare da 'yan tambayoyi a ƙarshe, sai katunan tuni na manhajar Anki, sai fayil ɗin lab na Packet Tracer, manhajar Cisco mai kwaikwayon na'urorin netwok a kwamfuta, da zaka buɗe ka yi da hannunka. Turancinsa a hankali yake fita, ba ya haɗiye kalma, wanda hakan ba ƙaramin abu bane a wajenmu. Katunan Anki ɗin nan duk wanda yayi hadda zai gane su nan take, muraja'a ce kawai, abin da ka riƙe da kyau sai ta daɗe bata dawo maka da shi ba, wanda kake kakarewa kuma gobe ma sai ka gan shi. Lambobin ƙofofin da ayyukan netwok suke bi, irin su 22 na SSH, 53 na DNS, 443 na HTTPS, da wannan hanyar suke zama a ka, ba da maimaita kallo ba.

A ɓangaren CompTIA kuma, ƙungiyar da ke bada satifiket ɗin A+ da Network+ da Security+, Professor Messer ne kowa ya sani. Bidiyoyinsa gajeru ne kuma ya jera su daidai da lambobin manhajar jarabawar, idan ka sauke takardar abubuwan da za a tambaya daga shafin CompTIA zaka iya bi kana yiwa kowanne alama. Bidiyon kyauta ne, abin da yake sayarwa shi ne takardun taƙaitawa da jarabawar gwaji. Raunin salonsa a ganina shi ne a matse yake, abin da jarabawa take so shi zai baka ya wuce, idan baka taɓa buɗe cikin kwamfuta ba zaka ji ana ambatar abubuwa amma hotonsu ba zai zauna maka ba. A nan Mike Meyers ya fi, shi zai ɗauko ainihin kayan ya riƙe a hannu ya nuna maka yadda ake soka RAM, ga barkwanci, sai dai nasa yana jan lokaci kuma na kuɗi ne. Masu son Azure, dandalin Microsoft na hayar sabobi ta intanet, akwai John Savill a YouTube ga kuma Microsoft Learn wanda kamfanin da kansa ya bayar kyauta. Masu AWS, irinsa na kamfanin Amazon, akwai dogayen bidiyon Andrew Brown a tashar freeCodeCamp.

Bari in nuna abin da nake nufi da ɗora hannu, don kada ya zama magana a iska. Ranar da ƙanin nan nawa ya fara lab na farko a laftof ɗina, ya jawo rauta ɗaya da kwamfutoci biyu a Packet Tracer, ya haɗa waya, ya sa adireshi a ƙofar rautar daidai yadda ya gani a bidiyo. Yayi ping, umarnin gwada ko saƙo yana kaiwa, shiru. Alamar da ke kan wayar tana nan ja. Ya goge ya sake, ya canza waya, ya sake duba adireshin kusan sau biyar, gumi ya fara keto masa duk da fanka tana juyawa. Ya juyo yace Yaya wannan manhajar ta lalace. Nace rubuta show ip interface brief. Ya rubuta, sai ga shi a gaban ƙofar an rubuta administratively down. Yayi shiru yana kallo, can sai ya buga cinyarsa, ya shiga ƙofar ya rubuta no shutdown, nan take jan ya koma kore. Ƙofofin rautar Cisco a rufe suke zuwa sai ka buɗe su da kanka, an faɗa a bidiyon, ya ji da kunnensa, amma sai da ya sha wuyar minti ashirin sannan ya zama nasa. Yanzu ko cikin barci ka tashe shi ba zai manta ba. Kuma Packet Tracer kyauta ce, rajista kawai zaka yi a Cisco Networking Academy ka sauke, ba ta buƙatar intanet bayan nan sai jefi-jefi wajen shiga, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗauka.

Haka rabon adireshi. A bidiyo zaka ga malami ya ɗauki 192.168.10.77/26 ya ce to /26 gida-gida ne na 64, wato 0, 64, 128, 192, don haka 77 yana cikin gidan 64, ƙarshen gidan 127 ne, adireshin da za a iya amfani da su 62 ne daga 65 zuwa 126. Ka ga da sauƙi ko? Rufe bidiyon, ɗauki biro da takarda ka yi 172.16.45.200/21 kai kaɗai agogo yana tafiya. A jarabawar minti 120 gare ka gaba ɗaya, idan kowace irin wannan zata ci maka minti uku to lokaci zai ƙare kana tsakiya. Babu malamin da zai iya zuba maka wannan saurin ta kunne, sai ka yi ɗaruruwa da hannunka har ya koma kamar lissafin canji a kasuwa.

Matsalar na kyauta guda biyu ce. Ta farko babu mai bin ka, kuma YouTube gidan raba hankali ne, ka shiga don darasin VLAN, wato raba netwok ɗaya gida-gida, sai ka tsinci kanka a sharhin ƙwallo. Ta biyu tsofaffin bidiyo suna nan birjik ba wanda ya goge su. Jarabawowin nan canzawa suke. CCNA ta zama 200-301 a Fabrairun 2020 lokacin da Cisco ta haɗe tsofaffin rassan wuri ɗaya, sannan a Agustan 2024 aka ɗan sabunta ta aka ƙara abubuwan AI. Security+ ta koma SY0-701 a Nuwamban 2023, Network+ ta koma N10-009 a 2024, A+ kuma ta koma 220-1201 da 220-1202 a 2025. Kafin ka kalli ko minti ɗaya duba lambar jarabawar da ke jikin kwas ɗin ka haɗa da wadda ke shafin kamfanin a ranar. Na ga wanda ya kwashe watanni a kan tsohon kwas da aka tura masa a filashi, abin tausayi.

Sai Udemy. Tsarinsu shi ne ka saya sau ɗaya ya zama naka, kuma malamai masu kula suna sabunta kwas ɗin idan jarabawa ta canza ba tare da ka sake biya ba. Kada ka taɓa saya a cikakken farashin da ka fara gani, suna yin ragi akai-akai, ka ɗan jira kwanaki zaka ga ya faɗo ƙasa sosai. Suna da damar mayar da kuɗi cikin kwana 30 idan baka cinye kwas ɗin ba. Amma abin da ya fi min komai shi ne manhajarsu ta waya tana bari ka sauke darussa ka kalla ba data, wato idan ka samu wayfai a wajen aiki ko ka sayi datar dare sai ka kwashe na sati guda. A can zaka samu Neil Anderson da David Bombal a CCNA, Jason Dion da Mike Meyers a CompTIA, Stephane Maarek a AWS. Sai dai Udemy kasuwa ce, kowa yana iya kafa rumfa, akwai gwal akwai tarkace, don haka sunan malamin zaka bi ba sunan dandalin ba, kuma ka duba ranar da aka yi sabuntawar ƙarshe.

Tambayar da ƙanina yayi ita ce, to idan na Jeremy kyauta ne me zai sa in sayi na Neil Anderson? Gaskiya a CCNA ba dole bane. Dukansu sun koyar da duk abin da ke cikin manhajar jarabawar, dukansu suna da lab da katunan tuni. Amfanin na biyu shi ne idan wani batu ya ƙi shiga, jin sa daga wani bakin yakan buɗe shi, ni Spanning Tree, tsarin da ke hana saƙo yin ta zagaye a cikin netwok, sai da na ji shi daga mutum biyu. Amma kada ka faɗa ramin tara kwasa-kwasai. Akwai masu kwas huɗu a kan jarabawa ɗaya, kowanne sun kalli kashi ɗaya cikin uku, kullum suna neman wanda ya fi. Ka riƙe ɗaya ka kai shi ƙarshe, na biyun ya zama na leƙawa.

A AWS kuwa bambancin malaman a fili yake kuma ya kamata ka san me kake nema. Maarek kai tsaye yake zuwa ga abin da jarabawa take tambaya, zai ce maka wannan ka riƙe shi yana fitowa, idan kana da ɗan tushe kuma kana son satifiket cikin wata biyu ko uku shi ne naka. Adrian Cantrill, wanda yake sayar da nasa a shafinsa, dogo ne ƙwarai kuma ya fi tsada, amma zai sa ka gina abubuwa da hannunka har ka san dalilin kowane mataki. Wanda bai taɓa aikin ba kuma burinsa ya tsaya a gaban masu intabiyu ya yi bayani, ni na biyun zan nuna masa. Cloud Practitioner, jarabawar AWS ta matakin farko, dala 100 ce, tambaya 65 cikin minti 90, kuma ita kam bidiyo da gwaji sun isa don yawanci sanin sunaye da amfanin kowane abu ne. Solutions Architect Associate dala 150, tambaya 65 cikin minti 130, ana cinta da maki 720 cikin 1000, tambayoyinta dogayen labarai ne da za a ce kamfani kaza yana son kaza da mafi ƙarancin kuɗi, amsa biyu duk zasu yi aiki amma ɗaya ake so. Abu biyu da mutane basu cika sani ba: wanda Turanci ba harshensa na farko bane yana iya neman ƙarin minti 30 a asusunsa na AWS kafin ya yi rajistar ranar jarabawa, kuma idan ka ci ɗaya suna baka ragin rabin kuɗi a ta gaba. Idan zaka buɗe asusun AWS don gwaji sai da katin banki, to ka fara saita ƙararrawar kashe kuɗi kafin komai, kuma duk abin da ka kunna ka kashe shi kafin ka kwanta, don da dala ake lissafin kuɗin.

Na uku su ne masu biyan wata-wata, irin CBT Nuggets, Pluralsight, LinkedIn Learning, O'Reilly. Aikinsu mai kyau ne ba ƙarya, Jeremy Cioara da Keith Barker da aka sani a CBT Nuggets sun daɗe suna koyar da Cisco kuma sun iya sa mutum ya so abin, wasu dandalin ma suna haɗa maka da lab a cikin burauza. Amma lissafin ba namu bane sai in kamfani ne zai biya maka. Da dala ake cirewa duk wata, ko ka kalla ko baka kalla ba. A yi sati biyu taransifoma ta lalace, ko rashin lafiya, ko hidimar biki, ko azumi ya shigo karatu ya ja baya, kuɗin yana tafiya. Ga wahalar katin da zai yarda ya biya dala. Ranar da ka daina biya kuma ƙofa ta rufe. Inda na ga ya dace shi ne idan jarabawar ta hannu ce zalla, misali CKA, jarabawar Kubernetes, tsarin tafiyar da manhajoji a kan sabobi da yawa, awa biyu kana gaban baƙin allo kana gyara abu na gaske ba zaɓin A ko B, a nan irin KodeKloud na Mumshad Mannambeth da kowane darasi yake jefa ka lab ya cancanci kuɗinsa. Haka RHCSA, jarabawar kula da tsarin Linux ta kamfanin Red Hat, ita ma babu zaɓi, aiki za a baka ka yi, masu ita da yawa Sander van Vugt suke bi, amma ko shi ɗin idan baka girka Linux a na'urarka kana lalatawa kana gyarawa ba, kallon banza ne.

Littafi fa? Mutanenmu suna gudunsa, kuma na gane dalili, na Wendell Odom na CCNA juzu'i biyu ne masu kauri, ka gan su gabanka ya faɗi. Amma littafi yana da abin da bidiyo ba zai taɓa baka ba. Ba ya cin data, ba ruwansa da NEPA idan na takarda ne, kuma ba ya tafiya sai ka tafi, idan baka gane sakin layi ba nan zaka tsaya. Neman abu ma ya fi sauƙi, a bidiyon minti arba'in kana neman jimla ɗaya sai ka yi ta ja gaba da baya. Sannan akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba: jarabawar a rubuce take, da Turanci mai murɗiya, inda kalma ɗaya kamar "mafi dacewa" ko "banda" take juya amsa. Wanda ya saba karanta dogon bayani na fasaha ya fi wanda kunne kawai ya horar saurin kama tambaya. Ni yadda na yi a karo na biyu, in kalli darasi da daddare, da asuba bayan sallah in karanta babinsa, da yamma in yi lab. Ban karanta littafin daga bango zuwa bango ba, inda na ji rauni nake buɗewa.

Aji kuma, wato santa. Abin da kake saya a aji ba ilimin bane, ilimin yana intanet, abin da kake saya shi ne mutum da zaka tambaya, da abokan tafiya, da ranar da dole ka fito daga gida, in an yi sa'a kuma da rauta da suwic, akwatin da ake jona kwamfutoci su haɗu, na gaske da zaka taɓa. Ga wanda ya san kansa cewa shi kaɗai ba zai iya ɗorewa ba, wannan ba ƙaramin abu bane. Amma a yi hattara. Na taɓa biyan kuɗi a wata santa, ba zan kama suna ba, malamin ya zo ya kunna mana bidiyon wani a majigi yana tsayarwa yana fassarawa, kayan aikin da aka nuna mana ranar rajista kuma suna cikin kabad a kulle har muka gama. Kafin ka biya ka nemi a barka ka zauna darasi ɗaya, ka tambayi malamin shi yaushe ya ci jarabawar, don satifiket ɗin Cisco da na CompTIA irin waɗannan da na AWS duk shekara uku suke yi sai an sabunta, ka tambaya ɗalibai nawa suke raba na'ura ɗaya. Kuma ka tabbatar ka gane cewa takardar da santa zata baka ta halarta ce, ba ita ce CCNA ba, CCNA sai ka zauna jarabawar a hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da ita. Idan akwai reshen Cisco Networking Academy a jami'a ko kwalejin kimiyya kusa da kai ka fara leƙa can, kwas uku ne na CCNA kuma wanda ya cika sharuɗɗansu yakan samu ragi a kuɗin jarabawa.

Yanzu ga inda nake ganin kuɗi ya fi cancantar zuwa, jarabawar gwaji mai kyau. Boson ExSim a CCNA, na Dion ko na Messer a CompTIA, Tutorials Dojo na Jon Bonso a AWS. Amfaninsu ba makin bane, bayanin da ke ƙasan kowace tambaya ne, me yasa wannan daidai ne kuma me yasa sauran ukun ba daidai bane. Ranar da na fara yin na gwaji bayan faɗuwata, makin da na samu ya kunyata ni, amma ya nuna min ƙarara cewa ramina yana ɓangaren haɗa hanyoyin IP, wanda shi ne kashi 25 cikin 100 na jarabawar, mafi girma a cikin sassa shidan. Da na san haka tun farko da ban yi asarar dala 300 ba. Kada ka maimaita gwaji ɗaya har ka haddace amsoshin, ka ajiye guda ɗaya baka taɓa ba sai saura sati ɗaya, ka yi shi da agogo, waya a kashe.

Akwai kuma ekspo, tambayoyin da aka sato daga ainihin jarabawar ana yawo da su a Telegram da WhatsApp. Don Allah ka nisance su. Ka sa hannu a yarjejeniya kafin ka fara jarabawa, idan aka gano ana iya soke satifiket ɗin a hana ka sake shiga, amsoshin ciki ma da yawa kuskure ne. Kuma ko ka tsallake, ranar da aka ce netwok ɗin ofis ya tsaya kowa ya zuba maka ido, me zaka yi? Amana ce za a baka, kuma abincin da zaka ci da takardar ya kamata ya zama halal.

Abubuwan da suka shafe mu mu kaɗai, wanda malaman can basu san da su ba. Idan ka rage ingancin bidiyo don tsimin data, fuskar malami zata fito amma rubutun umarnin da yake bugawa zai dushe, kuma shi ne abin da ka zo gani, don haka darasin bayani ka kalla a ƙaramin inganci, na lab ka ɗaga shi. Waya ta isa kallo da Anki amma lab sai kwamfuta, idan zaɓi ne tsakanin sayen kwas mai tsada da sayen tsohuwar laftof mai batir, laftof ɗin zaka saya. Ka kunna rubutun ƙasa mai nuna abin da malamin yake faɗa, kuma ba abin kunya bane ka rage gudun magana, lafazin ma daban-daban ne, Maarek Bafaranshe ne, Neil Anderson ɗan Sukotlan ne, ka saurari samfurin kyauta kafin ka biya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su lura, CCNA da Turanci da Japananci kawai ake yinta, amma waɗancan biyun na AWS akwai su da Faransanci. Sannan zancen yin jarabawa a gida ta OnVUE, ana buƙatar ɗaki shiru ba mai shigowa, kyamara a kunne, intanet da wuta kada su yanke, a gidajenmu da yara da baƙi da sallama wannan kasada ce, ni dai na fi son in je cibiyar jarabawa ko da tafiya ce.

Idan CompTIA zaka yi ka tuna A+ jarabawa biyu ce, kuɗi biyu kenan, Security+ kuma ta haura dala 400, tambaya har 90 cikin minti 90, ana ci da 750 cikin 900. Tambayoyin aiki sukan zo a farko kuma suna cin lokaci, amma a nan ana iya yi musu alama a dawo, saɓanin Cisco.

Abin da muka tsayar da ƙanina a daren nan shi ne, ba zai biya ko sisi a bidiyo ba. Zai bi na Jeremy, darasi ɗaya a rana, kuma ba zai buɗe na gobe ba sai ya gama lab ɗin yau ba tare da kallon amsa ba. Anki a cikin adaidaita sahu da lokacin jiran layi. Na ba shi aron littattafaina biyu. Kuɗin jarabawa ya ware su a wani asusu da ba shi da katinsa, ragowar kuma na Boson ne idan ya kai wata na uku. Ya samu abokinsa ɗaya da suke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, kowa ya lalata wa ɗan'uwansa lab ya ce nemo inda matsalar take. Jiya da na shiga ɗakinsa na tarar yana kwana na 17, VLAN ya ƙi wucewa tsakanin suwic biyu, na buɗe baki zan faɗa masa sai ya ɗaga hannu yace Yaya don Allah kar ka faɗa, bari in gano.